TAKE DA TAMBARI: Daga Baban Larai zuwa fim ɗin ɗan ƙanwata

Jama'a ku yi mani haƙuri, rubutun yau da ɗan tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Ranar Lahadin da ta wuce ɗan ƙanwata ya same ni a gida nan Funtua, shi da abokan karatunsa biyu. Suna ajin ƙarshe a sashen koyon aikin jarida, an ce kowane rukuni ya shirya gajeren fim na minti 15 kafin a ba su makin kammalawa. Labarinsu ya burge ni. Wani dattijo ne manomin auduga a tsakanin Bakori da Malumfashi, 'ya'yansa sun matsa mashi ya bar auduga ya koma masara da waken suya kamar kowa, shi kuma ya kafe. Na san abin da ya kawo su, kuɗin mota ne da na hayar kyamara. Amma kafin a zo nan sai yaron ya buɗe kwamfuta ya ce, “Kawu, ga tambarinmu, ga kuma kiɗan da za mu ɗora.” Sai ga duniya tana juyawa cikin wuta, wata gaggafa ta keto ta, sunan rukuninsu ya faɗo da ƙara kamar aradu. Kiɗan kuwa daga wani fim ɗin Turkiyya mai dogon zango suka yanko shi.

Na ce mashi, to malam, shi wannan tsohon naka a Istanbul yake noman? Suka kwashe da dariya. Ni dai ban yi ba, don na gane ba laifinsu ba ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa masu cewa fim na farko da Hausawa suka riƙe sunansa har yau a kan auduga aka yi shi, kuma a nan bayan gidanmu aka ɗauke shi.

Baban Larai nake nufi. A tsakiyar shekarun 1950 aka shirya shi a Daudawa, cikin ƙasar Faskari ta yanzu, inda Turawa suka kafa gonar gwajin irin auduga. Manufarsa a fili take: a nuna wa talaka bambancin manomin da ya bi shawarar malamin gona da wanda ya yi kunnen ƙashi. Lokacin auduga ita ce komai a wannan yanki. Kamfanin BCGA na Turawan Ingila ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, jirgin ƙasa ya iso Funtua a ƙarshen shekarun 1920 a kan hanyarsa ta Zariya zuwa Ƙauran Namoda, har yau kuma akwai unguwa a garin nan da ake kira da sunan kamfanin. Da motar majigi ake yawo da irin waɗannan finafinai gari-gari. A kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko filin makaranta, a tada janareto, a saki kiɗa ta lasifika tun la'asar sakaliya don jama'a su taru. Da yawa daga finafinan majigi akwai mai sharhi da ke riƙe da makirfo yana fassara abin da ake gani, yana sako barkwanci, yara suna amsa mashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, idan ya ga manomin da gonarsa ta yi kyau har ya tsufa cewa yake “ka zama Baban Larai.” Ka ga fim ɗin farfaganda ne na gwamnati, amma ya shiga bakin mutane ya zauna.

To amma kafin majigi ma, mu muna da abin da yaran nan suke ta nema a intanet. Ku duba kalmar da muke amfani da ita yau idan muna nufin alamar kamfani ko ta hukuma: tambari. Asalin tambari fa ganga ce, gangar sarauta, wadda ba a buga wa kowa sai sarki. A Katsina, Gwauron Tambari yana cikin kayan sarauta na gado, tare da takobin nan Gajere da tukunyar Korau. Idan aka ji tambura da daddare an san daga wane gida sautin ya fito, ba sai an yi tambaya ba. Wato a wurin Bahaushe alamar da ake ganewa da kunne ta riga wadda ake ganewa da ido, har ta ba ta sunanta.

Sai kuma take. Kowane mai sana'a da nasa. Mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, maharba da nasu, 'yan dambe da nasu, manoma da gangar noma. Mutum ɗaya ma yana iya mallakar take, a kaɗa shi a tsakiyar taro ya zabura ko da ba a ambaci sunansa ba. Wanda ya taɓa halartar gayya a ƙauyukan Ɗanja ko Ƙafur a shekarun baya ya san abin da nake faɗa: samari sun jeru a kunya, makaɗi na bin su a baya, da ya saki taken wani sai ka ga ƙura ta tashi ya bar sa'o'insa. Abin da masu fim na Amurka suka gano ke nan daga baya. Kamfanin MGM ya fara sa zakinsa ya yi ruri a 1928, Alfred Newman ya tsara wa kamfanin da ya zama 20th Century Fox kiɗan buɗewarsa a 1933, Netflix kuma ta fito da ɗan sautinta na daƙiƙa kaɗan a 2015. Duk take ne, sai dai su sun yi wa nasu rajista sun sa lauya ya tsare masu.

Yaya aka yi muka baro wannan muka koma yanko kiɗan wasu? Nan ne tarihin ya yi kwana.

Kano ta samu gidan sinima na Rex a 1937. Mutanen gari ba su karɓi abin da hannu biyu ba, musamman bayan gobarar sinimar El-Duniya ta ranar 13 ga Mayu 1951, wadda ta ci rayuka 331. Amma da 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya, sai labari ya sauya. Su Indiyawa tun fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na 1931, da waƙoƙi 7 ya zo, kuma ba su sake rabuwa da waƙa ba. Bahaushe ya kalli Mother India, ya kalli Sholay, ya ga auren dole, ya ga kunya tsakanin saurayi da budurwa, ya ga talaka da mai kuɗi, ya ce ai waɗannan 'yan uwanmu ne. Bai ji yaren ba amma ya haddace karin. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge suka riƙa juya karin waƙoƙin Indiya da goge, 'yan makarantun Islamiyya da masu bandiri suka ɗauki karin suka yi begen Annabi (SAW) da shi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Brian Larkin sun yi rubutu mai yawa a kan wannan. Abin lura shi ne, kafin a yi fim ɗin bidiyo ko ɗaya da Hausa, kunnen ɗan birni ya riga ya shekara talatin yana shan karin Indiya.

A gefe guda akwai finafinan da hukuma ta tsaya masu, kamar Shehu Umar na 1976 wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, da wasannin talabijin na su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu. Waɗannan ba su dogara da rawa da waƙa ba. Sai dai masu tsada ne, kuma gwamnati ce uwarsu, ranar da ta janye hannu sai su tsaya.

A watan Maris 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, Salisu Galadanci ya ba da umarni. Daga nan ake lissafin masana'antar da Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa suna Kannywood a mujallar Tauraruwa a 1999, shekarar da Ibrahim Sheme shi ma ya fara buga mujallar Fim. Finafinan farko-farko daga littattafan soyayya aka riƙa ciro su. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana ciki, haka Ki Yarda Da Ni na 'yar garinmu Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda makaranta suka sani da Anti Bilki. Wannan ma yaran nan uku ba wanda ya sani, kuma ɗaya daga cikinsu a Funtua aka yanke mashi cibi.

Kiɗan fa? A farko an ɗan taɓa na gargajiya, irin na 'yan koroso. Sai ƙaramin fiyano na Casio ya shigo ta hannun matasa irin su Nasiru Gwale. A rabin ƙarshe na shekarun 1990 kamfanin Iyan-Tama Multimedia na Hamisu Lamiɗo ya sayo fiyanon Yamaha ƙirar PSR, makaɗa irin su Alee Baba Yakasai suka zauna a kansa. A cikin na'urar akwai sautuka ɗaruruwa da aka ajiye, wasu sun yi kama da sarewa, wasu da ganga, wasu da goge. Da Sarauniya Films suka fitar da Sangaya a 1999, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, magana ta ƙare. Ina shekarar farko a jami'a lokacin, kuma ba zan yi maku ƙarya ba, ni ma na sayi kaset ɗin waƙar, na saurare shi har zaren ya tsinke na ɗaura da man farce. Duk wanda yake sa'ana ya ce bai yi ba, to a bincike shi.

Bayan Sangaya sai tsarin kasuwa ya juye. A da labari ake fara rubutawa. Yanzu sai furodusa ya fara zuwa situdiyo a buga waƙa, a ɗauki rawar, a sa ta a tallar da ke farkon kaset ɗin wani fim. Idan waƙar ta kama gari, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su yi rububin kwali, sannan a nemi labarin da za a rataya mata. Aka samu finafinai masu waƙa huɗu ko biyar da labarin da bai kai cikin cokali ba. Dattawa suka kira abin nanaye, da nufin raini, sunan kuma ya bi shi. A Disamba 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai, kuma babban abin da aka yi ta ja-in-ja a kansa tun daga lokacin shi ne rawa da waƙa tsakanin mace da namiji. An shekara ashirin ana gardama a kan wa ya yi rawa da wa, da wace sutura. Tambayar wane irin sauti ya dace da labarin Bahaushe kuwa, kusan ba wanda ya ɗaga ta sai malaman jami'a a taron ƙara wa juna sani.

Ni ba na cikin masu ɗora wa Indiya laifin komai. Dalilin da ya sa fiyano ya yi nasara na aljihu ne. Idan za ka ɗauki makaɗin gargajiya, da 'yan amshinsa zai zo, da masu kalangu uku ko huɗu, da sanƙira, ka ciyar, ka yi kuɗin mota, ka sallami kowa. Mai fiyano mutum ɗaya ne a ɗaki ɗaya, kafin magariba ya gama. Na biyu kuma, mu faɗi gaskiya, al'adarmu ta ɗauki makaɗi a matsayin maroƙi. Yaron da ya yi boko a Kano ba zai rataya kalangu ba ko da wasa, amma zai zauna gaban fiyano a kira shi injiniya. Na'urar ta cire masu kunyar gado, ta buɗe ƙofa ga wanda ba ɗan gidan kiɗa ba, kuma ta nan muka samu su Nura M. Inuwa da Nazifi Asnanic da Umar M. Shareef da Ali Jita. Wannan riba ce, ban musa ba.

Amma akwai abin da aka yi asara, kuma shi na tsaya na yi wa yaran bayani da kyau. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai hawa akwai sauka akwai faɗuwa. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi na matse tsarkiya a hammatarsa yana sassautawa, fatar ta ɗaure ta saki, sautin ya bi hawa da saukar kalma. Shi ya sa ake kaɗa take mutum ya ji sunansa da kirarinsa ba tare da an buɗe baki ba. Sautin gangar da aka ajiye a cikin fiyano kuwa bugu ɗaya ne aka ɗauka, ana maimaita shi a kan ma'aunin da ba ya gaba ba ya baya. Yana sa ƙafa ta motsa, amma ba ya cewa komai. Ku saurari kalangun da ke bayan Alhaji Mamman Shata a Bakandamiya ku ji yadda suke ba shi amsa kamar mutane. Shata ɗan Musawa ne, amma a Funtua ya kafa gida, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999 aka rufe shi a Daura. Ku duba wannan shekarar da kyau. Shekarar da Shata ya kwanta dama ita ce shekarar Sangaya.

Ta fuskar tambarin ido ma haka abin ya tafi. Sunayen kamfanonin farko da ɗanɗanon gida suka zo: Tumbin Giwa, Jigon Hausa, Sarauniya, Gidan Dabino. Ko ba a zana komai ba ka ga hoto a ranka. Da kwamfuta ta yawaita sai aka koma duniya mai juyawa da harufa masu walƙiya, duk daga manhaja ɗaya, har ba ka iya bambance na wane da na wane sai ka karanta. Alhali muna da misalin da ya fi kowanne a gabanmu, dagin Arewa. Zane ne da magina ke yi a bangon soro, maɗinka ke yi a gaban riga, gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta ɗauke shi ya zama alamarta. An rushe jihar tun 1967, amma har gobe idan ka ga dagi a bayan tirela a Legas ka san daga inda mai ita ya fito. Launi ɗaya ya ishe shi, yaro zai iya kwaikwayonsa da gawayi, kuma ko an ƙanƙanta shi kamar ƙwayar gero ana gane shi.

Yanzu kasuwar kaset ta mutu, ta faifai ma ta bi ta. Arewa24 ta buɗe a 2014, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina suka dawo da mutane kan labari mai tsawo, Izzar So ya nuna za a iya rayuwa a YouTube. Wannan ya zo da wani sabon hukunci da yaran ba su yi lissafinsa ba. YouTube na da na'urar da ke gane kiɗan da ke da mai shi. Ka ɗora fim da kiɗan Turkiyya, ko a toshe shi, ko kuɗin talla ya tafi aljihun masu kiɗan. Ga kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023. Abin da aka shekara talatin ana yi ba wanda ya ce uffan, yau na'ura ce ke kama ka cikin minti biyar, ba ta san Kawu ba, ba ta san alfarma ba.

Ga abin da muka tsayar da su kafin in saki kuɗin motar.

Na ce su fara da zama a gona da wayarsu da abin ɗaukar sauti, kwana biyu, kada su ɗauki hoto ko ɗaya. Su naɗo ƙarar garmar shanu tana tsaga ƙasa, da luguden mata, da kiran assalatu daga nesa, da hayaniyar fuloti ranar awo, da kukan tsohuwar mota a kan hanyar laterite idan ta sha kaya. Rabin kiɗan fim ɗinsu yana nan. Sannan su nemi mai gangar noma guda ɗaya, ya yi wa tsohon nasu take guda ɗaya tak. A ji shi da ƙarfinsa a farko lokacin da tsohon yake tuna zamanin da auduga ke aurar da 'ya'ya ta kai mutum Makka. A ji shi a sanyaye lokacin da 'ya'yan suka juya mashi baya. A wurin da ya tsaya shi kaɗai a fuloti ba mai saye, kada a sa komai, a bar iska. Yarinyar da ke cikinsu ta ce, “Kawu, ai malaminmu zai ce mun manta ba mu sa sauti ba.” Na ce ki rubuta mashi a takardar bayani cewa da gangan ne, in ya rage maki ki turo mani shi.

Na kuma ce makaɗin nan a biya shi kuɗin aikinsa a gaban shaida, ba kyautar roƙo ba, a rubuta takarda ya san inda za a nuna abin, a sa cikakken sunansa da garinsu a jerin ma'aikata daidai da na mai kyamara. Wannan sharaɗin ban yarda a taɓa shi ba.

Tambari kuwa mun yi gardama sosai. Ni na so mazari, su suka ce sa'o'insu ba su san shi ba, za a ɗauka allurar asibiti ce. Na ji zafin maganar amma gaskiyarsu ne. Muka daidaita a kan ƙwallon auduga guda da ya fashe, fari a kan baƙi, ba wuta ba gaggafa, ya fito tare da bugu uku na farkon taken tsohon. Daƙiƙa huɗu ya ishe shi.

Sun so su je Daudawa su ɗauki fitowa ɗaya don girmama Baban Larai. Uwar yaron ta ce ko da wasa, ni ma ban goyi bayansu ba, kowa ya san halin da ƙasar Faskari ta shiga a 'yan shekarun nan. Wurin da Bature ya kai kyamara shekara kusan 70 da suka wuce, yau jikokin manoman wurin ne ke tsoron kai tasu. Za su ɗauka a wata gona kusa da bakin titi, su tattara kafin la'asar.

Matsalar da ta rage ita ce makaɗin. Mutum biyu da na sani tun ina yaro, ɗaya ya rasu, ɗayan ya jingine gangar ya ce tun da maganin feshi da tarakta suka kashe gayya ba wanda ya sake nemansa, fatar ma ɓera ya cinye. Saura mako 3 su miƙa aikin. Don Allah duk wanda ya san mai gangar noma da har yanzu hannunsa ke bugawa, a Bakori ko Ɗanja ko Ƙafur ko Malumfashi, ya yi mani magana ta akwatin saƙo. Kuɗin sabuwar fata da na mota ni zan biya.